Idan Bature ya ce maka “I think”

Jiya bayan la'asar ka tambaye ni, wai idan Bature ya ce “I think”, me za ka mayar da Hausa, “ina tunani” ko “na yarda”. Ka ga na tashi ban ce maka komai ba. Ba da kai na yi fushi ba, tambayar ce ta fama mini wani tsohon miki. Yau zauna ka ji.

Duka biyun da ka kawo babu na ɗauka. Wannan “ina tunanin zai zo” da ya cika bakinku, ku 'yan zamani, Turanci ne aka sa wa babbar riga. Tunani a Hausa aiki ne, mutum ya zauna ya yi tagumi yana juya magana a zuci. Kakarka ba ta taɓa yin tunanin za a yi ruwa ba. Gabas take duba ta ce “ina jin yau da ruwa”, ko “ina ganin hadarin nan ba zai watse ba”. Mu da ji da gani muke faɗin abin da zuciya ta ɗauka, su kuma da “think”. Wani malaminmu ya taɓa nuna mana cewa a tsohon Turanci kalmomi biyu ne masu kama da juna, ɗaya ta yin tunani, ɗaya ta yadda abu ya bayyana ga mutum, daga baya suka narke suka zama ɗaya. Har yau in Bature ya ce “I am thinking” tunanin yake yi, ka bar shi ya gama, in kuwa ya ce “I think” ya riga ya gama, abin da ya gani yake faɗa maka. Sauran ƙananan ƙa'idojin nahawu ba zan ɓata yawuna a kansu ba. Wanda bai san su ba bai isa zama a tabarmar nan ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kalmar ɗaya ce amma nauyinta ba ɗaya ba ne. Ni a kasuwar Dawanau na koyi wannan, kuma da tsada na saya.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Wani Alhaji, babban dillalin riɗi, Allah ya jiƙansa, shi ya riƙe ni ina masa tafinta duk lokacin da baƙi suka zo. A kakar wata shekara sai ga wani Bature daga Ingila, wakilin wani kamfani. Ba zan kira sunansa ba, ban ma son bakina ya taɓa shi. Kwana uku muna yawo da shi sito-sito. Ya zura hannu a buhu, ya murza, ya shinshina, ya tauna, ya sa 'yar na'urarsa ta auna danshi. A kwana ukun nan “I think” ɗin da na ji daga bakinsa ya fi a ƙirga. Da dare ya ce “I think we should start at eight”, ƙarfe takwas kuwa yana bakin otal yana duba agogo. Ya ce wa direba “I think you should slow down”, direba ya sassauta ƙafa, don ko shi ya gane umarni ne aka naɗe da ladabi. Aka kawo masa wani samfur mai tsakuwa, ya kalla ya ce “I don't think so”, ba a sake maganar kayan ba. Duk “think” ɗin da ya fito bakinsa yankan wuƙa ne, har kunnena ya saba da haka.

Ran na uku da yamma muna zaune a ofishin Alhaji. Kayan tirela biyu ne a ƙasa. Alhaji ya ce in tambaye shi, in aka ƙaro tirela huɗu daga wajen Gumel da Maigatari, za su ɗauka? Na tambaya. Baturen nan bai ɗago kai daga littafinsa ba ya ce, “I think we can take all of it.” Na juya na ce, “Alhaji, ya ce za su kwashe duka.” Alhaji ya dube ni ya ce, “Malam, magana ta zauna?” Na ce, “Ta zauna, ranka ya daɗe.”

Ka saurara da kyau nan. Ba Turanci na rasa ba, a lokacin ba a yi tafintan da zai ja da ni a kasuwar nan ba. Na ji yadda ya ja kalmar, ya ɗaga murya a kanta ya sauke a hankali, ba irin na safe da yake datsewa ba. Na ji sarai. Amma kwana uku ya horar da kunnena, ga kuma la'adar tirela shida tana mini rawa a ido. Magana kuwa zarar bunu ce.

A gabansa Alhaji ya kira yaransa ya raba musu garuruwa. A gabansa aka buga lissafi. Ko kurma ya san me ake shiryawa, shi kuma yana zaune yana kurɓar shayi. Ba kafin alƙalami, ba takarda, saboda tafinta ya ce magana ta zauna. Alhaji ya karɓo riɗin mutane bashi a kan mutuncinsa, aka cika sito har bakin ƙofa. Bature ya ce zai je Legas ya shirya kwantena a Apapa ya dawo. Sati ɗaya, biyu, uku. Kafin ya dawo kaya sun cika kasuwa, farashi ya karye, masu bashi sun fara sallama a ƙofar gida tun asuba.

Da ya dawo ya ce tirela biyu zai ɗauka. Na tuna masa maganarsa kalma da kalma, don ni ba na mantuwa. Mutumin nan ya shafa wa idonsa toka, ya yi murmushi ya ce, “I said I think.” Wai shi bai yi alkawari ba. Sannan ya ce don tausayi zai taimaka ya ɗauki sauran huɗun, amma a farashin da shi ya yanka. Daga ƙarshe duka shidan ya kwashe, kamar yadda ya faɗa tun farko, sai dai a wulaƙance. Har gobe ba wanda zai gamsar da ni cewa ba shiryawa ya yi ba. Ya ajiye wa kansa ƙofar baya a cikin kalma ɗaya, ni kuma na toshe wa Alhaji ido bai gan ta ba.

Alhaji sai da ya sayar da gona ya biya mutane. Ni ko sisi ban karɓa ba. Na sayar da Vespa ɗina na kai masa kuɗin, ya tura mini abina ya ce in je in ciyar da iyali. Bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba, da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Kawai ya daina aiko a kira ni. Shekara biyu ina ratsa kasuwar nan ana nuna ni da baki, wai ga tafintan da ke ƙara gishiri.

To yanzu amsar tambayarka. Kafin ka buɗe baki, ka ji inda Bature ya aza nauyi. In ya danna “I”, ra'ayinsa yake bambantawa da na wasu, ka ce “ni dai a ganina”. In ya ja “think” ɗin, shakka ce, ka ce “ina zato” ko “mai yiwuwa”, kada ka ƙara ko ƙwayar gero. In ya wuce ta da sauri yana magana da na ƙasa da shi, umarni ne. “I don't think he will come” ba yana nufin bai yi tunani ba, cewa yake mutumin ba zai zo ba, su a kan “think” suke rataya korewar, kamar yadda muke cewa “ba na jin zai zo”. “I thought you had paid” kuwa “na ɗauka ka biya” ne, ma'ana ya gano ba ka biya ba, kuma ransa bai yi daɗi ba. “I should think so” ta fi duka ƙarfi, “ai dole” ke nan, alhali yaran yanzu suna jin “should” sai su sassauta ta.

Kuma don Allah ka daina mayar da kowane “I believe” ya zama “na yi imani”. Imani na Ubangiji ne, shi ne “believe in”. Ɗan Ingila in ya ce “I believe he has left”, sau da yawa abin da aka gaya masa yake maimaitawa, bai gani da idonsa ba, “kamar dai ya tafi” ke nan. Ba'amurke zai ce maka “I guess”. Wanda ya ce “I suppose so” ya yarda ne ba da son ransa ba.

A kotu abin ya fi haka haɗari, don can ba riɗi ake aunawa ba. Mai shaida ya rantse ya ce “I think it was him”, ka mayar “shi ne”, ka ɗaure mutum da harshenka. Haka in Bahaushe ya ce “ina jin shi ne”, na taɓa jin wani yaro mai digiri ya mayar wa alƙali cewa mai shaida ya ji labari ne, lauya kuwa ya yi tsalle ya ce jita-jita ce. Digiri har da hula, amma bai san “ji” na gidansu ba.

Abin da ke ba ni haushi da ku shi ne kunyar sake tambaya. Kuna ganin in kun ce wa Bature ya maimaita, za a ce ba ku iya Turanci ba, gara ku sunkuya ku latsa waya ta fassara muku. Wayar ta ji muryarsa? Ta ga bai ɗago kai daga littafi ba? Ni tun daga ranar nan, duk inda kuɗi ya shiga magana na ji “think”, sai na tsayar da kowa. In juya in tambaye shi, tabbas ne ko zato? In ya ce tabbas, in ce to a rubuta, a sa hannu, a ajiye wani abu. Wasu sun ji haushi, ɗaya har ya ce a sauya masa tafinta, aka sauya, ban damu ba.

Jibi masu zoɓo za su yi baƙi, za ka raka ni. Kai za ka yi magana, ni ina zaune a bayanka. Ka zo da littafi da biro, ka bar wayar nan a aljihu. Kuma ka zo kafin takwas.