Amsa kan tambayar guguwar teku da jiragen da ke shiga cikinta

Malam, ka tambaya ko da gaske ne guguwar da ke rushe gidaje a Amurka daga wajenmu take tasowa, kuma ta yaya ake sanin ƙarfinta alhali tana tsakiyar teku. Akwai gaskiya a ciki, amma sai an gyara zancen. Guguwar ba a nan take haɗuwa ba, irinta ne ke bi ta kanmu. Da damina, kowane kwana 3 zuwa 5, wani lanƙwasa na iska yakan taso daga gabas ya nufi yamma, shi ne ke tattaro manyan hadarin da ke zo mana Yamai da ƙura a gaba, ruwa a baya. Kusan 60 ake samu a shekara. Mafi yawansu suna mutuwa bayan sun wuce Dakar, amma akasarin guguwoyin Atilantika masu tsananin ƙarfi daga cikinsu suke fitowa. Shi ya sa a 2006, lokacin AMMA, wani babban bincike kan daminar Afirka ta Yamma, aka riƙa sakin manyan balan-balan daga Damagaram suna bin iskar har teku suna zubo na'urorin awo.

Kafin ta zama guguwa sai ruwan teku ya kai zafin digiri 26 da rabi, kuma iskar sama da ta ƙasa ba su saɓa da yawa ba. In sun saɓa, sai su karkatar da hadarin ya watse. Busasshiyar iskar Sahara mai ƙura ita ma tana shaƙe shi.

Tauraron ɗan adam shi ke fara gani. Meteosat, wanda ma'aikatan cibiyoyin nazarin yanayi na ACMAD da AGRHYMET ke aiki da hotunansa a nan Yamai, yana can sama kilomita 36,000, yana aiko hoto kowane minti 10 zuwa 15. Sai dai saman gajimare kawai yake gani. Masana suna duba siffar hadarin da sanyin samansa su ba shi lamba daga 1 zuwa 8, a tsarin Dvorak na shekarun 1970, daga nan su ƙiyasta ƙarfin iska. Ƙiyasi ne, kuma yakan yi kuskure in guguwar ƙarama ce ko gajimaren sama ya rufe idonta, wato filin tsakiyarta mai natsuwa.

Awo na haƙiƙa sai jirgi. Jiragen WC-130J na sojan Amurka da WP-3D na NOAA, hukumar teku da yanayi ta Amurka, suna ratsa guguwar a tsayin mita 3,000, su keta katangar hadarin da ke kewaye da ido, su fita ta ɗaya gefen, su sake dawowa ta wata kusurwa. A hanya suna sakin wani bututu mai tsawon kamar santimita 40, da ƙaramar laima. Yana faɗuwa yana aiko nauyin iska, zafi, danshi da gudun iska, wanda ake aunawa da GPS, har ya taɓa ruwa. Wanda aka jefa a tsakiyar ido shi ke ba da nauyin iska mafi ƙanƙanta, kuma in lambar nan tana sauka da sauri, guguwar na ƙara ƙarfi ne. A ƙarƙashin fiffike kuma akwai na'urar da ke auna kumfar teku, daga yawan kumfar a san gudun iska a fuskar ruwa. Matsalar, jiragen ba sa zuwa gabashin teku kullum, nisa ya yi yawa, sai guguwar ta matso yamma.

Duk wannan ake zuba wa kwamfuta, cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka da ke Miyami ta fitar da hasashe kowane awa 6. A ganina hasashen hanya ya inganta sosai, ƙarfi ne har yanzu ke ba da wahala. Guguwar Otis a 2023 an yi zaton za ta tsaya matsakaiciya, cikin kwana ɗaya ta haura mataki na 5, mafi tsanani, iska sama da kilomita 252 a awa, ta faɗa wa Akapulko a Meziko. In ka ga taswirar hasashe mai faɗaɗa gaba, ba girman guguwar ba ne, wurin da tsakiyarta zai iya bi ne, kuma kusan sau ɗaya cikin uku tana fita daga ciki.