Amsa: Na saka slapd amma yana nuna nodomain

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce ka saka slapd, wato manhajar LDAP mai ajiye sunayen masu amfani da kalmomin sirrinsu wuri ɗaya, a sabar Ubuntu ta makarantarku can Daura amma sunan da ya fito dc=nodomain ne, to kar ka goge komai tukuna, nima haka ta faru dani a wani ofis nan Ƙofar Kaura na kwana biyu ina fama.

Abin da ya faru shi ne lokacin da ka buga sudo apt install slapd ldap-utils bai tambayeka sunan yanki (domain) ba, kalmar sirrin admin kawai ya nema, shi kuma sunan daga na injin yake ɗaukowa, in bai samu ba sai ya sa maka nodomain. Buga sudo dpkg-reconfigure slapd, tambayar farko ka ce a'a, sannan ka rubuta misali makaranta.local zai maida maka shi dc=makaranta,dc=local. Amma fa in ka riga ka zuba sunayen malamai ka fara adana su da slapcat, umarnin da ke fitar da kwafin bayanan, don sabon rumbun bayanai zai gina.

Don Allah kar ka taɓa fayilolin saitin slapd da ke cikin /etc/ldap/slapd.d da hannu, da umarnin ldapmodify ake gyara su. In sauran kwamfutocin sun kasa ganin sabar duba ko ufw, katangar tsaron Ubuntu, ta toshe ƙofa ta 389 da LDAP ke bi, ka turo mani abin da ldapwhoami -x ya nuna in duba maka.