Amsa ga mai tambayar yadda zai koya wa abokin aikinsa ɗan ƙasar Sin kalmomin Turanci

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce kuna aiki a sito ɗaya da wani ɗan ƙasar Sin a Kano, ya roƙe ka ka taimaka masa da Turanci, ka rubuta masa jerin kalmomi ya haddace tsaf, amma da kwastoma ya zo sai ya yi tsit, ko ya faɗi abin da ba wanda ya gane. Kana tambaya ko ƙara masa kalmomin za ka yi.

Kada ka ƙara. Hadda ba ta gagari Basine ba. Tun 2001 ake fara Turanci a aji uku na firamare a ƙasarsu. Wanda ya zauna Gaokao, jarrabawar shiga jami'a, ya bi ta kan kalmomi 3,000 zuwa 3,500, wanda kuma ya ci CET-4, jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a, ya kai wajen 4,500. Su da bakinsu suna kiran abin "yaba yingyu", Turancin bebe. Har zolayar juna suke yi cewa kalmar da kowa ya fi riƙewa ita ce "abandon", don ita ke buɗe littattafan hadda, daga ita kuma ake ajiye littafin. Idan mutumin naka ya yi makaranta, kalmomin suna kansa a rubuce. Abin da ya rasa shi ne sautinsu, da sanin wace kalma ke tafiya da wace.

Fara da sauti. A Sinancin Mandarin gaɓa tana ƙarewa ne da wasali, ko n, ko ng, wani lokaci r, kuma baƙaƙe ba sa cunkushewa a jere. Shi ya sa "desk" ke fita de-si-ke, kamar yadda bakin Bahaushe ya mai da "bread" burodi. Idan bai cusa wasali ba, sai ya haɗiye baƙin ƙarshen, "cold" da "coat" da "code" duk su koma abu guda. Hanyar da ta fi saurin aiki ita ce ka jingina baƙin ƙarshe da wasalin kalmar da ke biye: ya ce "pick it up" kamar pi-ki-tap, "cold air" kamar kol-dea. Da haka harshensa zai saba taɓa baƙin kafin ya iya faɗarsa a ƙarshen magana. Babu v a Mandarin, sai ya sa w, "vest" ta zama "west". Babu th, sai ya sa s, "think" ta zama "sink". Tambaye shi ɗan wane lardi ne. Mutanen Sichuan da Hunan da Fujian da yawa suna gauraya n da l ko a yarensu, to "night" da "light", "nine" da "line" za su ba shi wuya fiye da ɗan Beijing.

Abu biyu za ka hana shi tun ranar farko. Ɗaya, rubuta lafazin Turanci da haruffan Sinanci a ƙarƙashin kalma. Dabarar ɗalibai ce sananniya a can, "ambulance" su rubuta ta "an bu neng si", wato kada in mutu. Tana sa a tuna ma'ana, amma tana kashe lafazi. Na biyu, karanta Turanci da muryar Pinyin, rubutun bokon da suke koyon yarensu da shi tun 1958. "He" da "she" da "you" da "can" duk gaɓoɓi ne a Pinyin masu sauti daban, "women" ma kalma ce tasu mai nufin mu. Duk sabuwar kalma ya ji ta sau uku kafin ya ga rubutunta.

Sai ma'ana, kuma nan ne jerin kalmomi ke cutar da shi. Kalma ɗaya ta Sinanci takan rabu gida huɗu ko biyar a Turanci. "Kai" tana nufin buɗe ƙofa, kunna fitila, tuƙa mota, yin taro. Idan ya haddace cewa "kai" ita ce "open", gobe zai ce "open the light". "Kan" ta haɗa "look" da "see" da "watch" da "read". "Jie" ta haɗa "borrow" da "lend". Magani kuwa ci suke yi, sai ka ji "eat medicine". Saboda haka kada ka ba shi kalma ita kaɗai. Ba shi ita da 'yan rakiyarta: "turn on the light", "take medicine", "place an order", "out of stock", "pay the balance". Ka ɗebo su daga takardun sitonku da maganar da ake yi da direbobi da 'yan dako, ba daga littafi ba.

Lissafi shi ne wurin da kuskure ke cin kuɗi, don haka a ware masa mako guda. Sinawa suna yanka manyan lambobi huɗu-huɗu, Turanci uku-uku. Suna da "wan", wato 10,000. A wurinsu 100,000 "wan" goma ce, miliyan ɗaya "wan" ɗari, miliyan 100 kuma kalma guda ce, "yi". Idan yana juyawa a ka cikin gaggawa, sifili ɗaya na iya ƙaruwa ko ya ɓata. Ka riƙa karanta masa farashi yana rubutawa da waƙafi bayan kowace lamba uku, sannan ku juya, ya karanta kai ka rubuta. Ragi ma a juye yake: "ba zhe", mai lamba takwas, na nufin a biya kashi 80 cikin 100, ragin kashi 20 ke nan, amma sau da yawa sai ya fito da shi "eighty percent discount". "Thirteen" da "thirty" kuwa, rubuta masa gaɓar da ake dannawa da manyan baƙaƙe, thirTEEN da THIRty. Kunnensa ya saba da karin sauti huɗu na yarensu, zai kama da wuri idan an nuna masa inda zai saurara. Sunayen watanni da ranaku su ma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, don su da lamba suke kiransu, wata na ɗaya, wata na biyu.

Tsarin yini: minti ashirin, guntayen jimloli takwas zuwa goma, kada su wuce haka. A maimaita washegari, sai bayan kwana uku, sai mako, sai mako biyu, sai wata. Anki, manhajar katunan hadda, na yin wannan lissafin da kanta. Wataƙila yana da manhajar haddar kalmomi ta Baicizhan ko Shanbay a wayarsa, ba laifi, sai dai suna gwada shi ne ko ya gane kalma idan ya gan ta, abin da ya riga ya iya. A katinsa na hadda Sinanci ya kasance a gaba, shi ya furta Turancin da murya kafin ya juya. Kowane dare ya turo maka saƙon murya na minti ɗaya ta WeChat, manhajarsu ta aika saƙo, ya yi amfani da jimlolin ranar, kai kuma ka gyara kuskure biyu kacal. Idan ka gyara goma, gobe ba zai turo ba.

Zai riƙa kiran mace "he". Kada ka ɗauka raini ne ko rashin sani, a yarensu shi da ita duk "ta" ake furtawa, a rubutu kawai suka bambanta. Haka s ta jam'i da ed ta abin da ya wuce, da "a" da "the", babu irinsu a Sinanci, suna ɗaukar watanni kafin su zauna. Ka bar su sai ya fara magana ba tsoro.

A Youdao, ƙamus ɗin waya na Sinanci da Turanci, akwai lafazin Ingila da na Amurka ga kowace kalma. Ya zaɓi na Ingila, ya fi kusa da abin da zai ji a bakin mutanenmu. Ka kuma gaya masa tun yanzu cewa "abeg" da "how far" da zai ji a bakin lodi Turancin Buroka ne, ya koye su don ji, amma kada ya sa su a takardar da zai aika banki.