Allurar sitem sel za ta sabunta zuciyar Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Tudun Wada nake rubutowa, nan Kaduna. Bara mahaifinmu ya samu bugun zuciya. Tun daga nan ko masallacin unguwa zai je sai ya tsaya ya huta a hanya, ƙafafunsa kuma suna kumbura. Yayana ya ga talla a Facebook cewa wani asibiti a ƙasar waje yana yin allurar sitem sel, zuciya ta koma sabuwa. Har an fara maganar sayar da filinmu na Rigachikun. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Ku dakata da maganar filin nan tukuna.

Idan jijiyar da ke shayar da zuciya ta toshe, tsokar wurin takan mutu, tabo ya maye gurbinta, tabo kuwa ba ya tura jini. Zuciya ba ta warkewa kamar fata. A 2009 masu bincike a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin tsokarta ne ke sabuntuwa a shekara ga ɗan shekara 25, a wurin tsoho kuma abin bai kai rabin haka ba. Shi ya sa likitoci suka ɗora buri a kan sitem sel, wato ƙwayoyin asali da ke iya rikiɗa su zama wasu irin ƙwayoyi.

Tun farkon shekarun 2000 aka fara ɗebo su daga ɓargon majiyyaci ana zuba masa a jijiyar zuciya. To amma ina suke zuwa bayan an zuba? Hoton PET ne ya ba da amsa. Shi wannan hoton ba siffar gaɓa kawai yake nunawa ba, yana nuna abin da ƙwayoyi ke yi a ciki. A 2005, a Hanoba ta Jamus, an shayar da ƙwayoyin ɓargo wani sukari mai suna FDG, mai fitar da hasken da na'ura kaɗai ke gani, sannan aka zuba wa majiyyata aka bi sawu. Abin da ya tsaya a inda ciwon yake bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Yawancin sauran sun tare a hanta da saifa. Ni wannan sakamakon ne ya sa na daina ɗokin allurar. Ɗan sauƙin da aka gani a wasu gwaje-gwaje ma, ana danganta shi ne da sinadaran da ƙwayoyin ke fitarwa, ba sabuwar tsoka ba. A 2018 kuma jami'ar Harvard ta nemi a janye maƙaloli 31 na wani ɗakin bincike da ya yi suna a fagen.

Binciken dai bai mutu ba. Shinya Yamanaka na Japan ya samu kyautar Nobel a 2012 saboda gano yadda ake mayar da ƙwayar fata ta zama ta asali, kuma a 2020 likitoci a Osaka suka liƙa wa zuciyar majiyyaci faifan tsokar da aka raina ta wannan hanya. Sai dai a gwajin birai, sabuwar tsokar ta rikita bugawar zuciya. Aikin nan na manyan cibiyoyi ne masu bin majiyyaci shekara da shekaru, ba allurar da ake tallata ta a waya ba.

Ku kai Baba wurin likitan zuciya a asibitin Barau Dikko ko na Shika, a yi masa hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, a ga ƙarfin da ya rage mata. Wani lokaci tsokar ba mutuwa ta yi ba, kwanciya ta yi don ƙarancin jini, kuma tana iya farfaɗowa idan an buɗe jijiyar. PET yana bambance matacciyar tsoka da mai kwance, amma yana da wuyar samu a ƙasar nan, don ƙarfin hasken sukarin FDG da ake amfani da shi yana raguwa da rabi duk minti 110. Likitansa ne zai ce ko yana buƙata.

Kafin nan, kada maganinsa ya yanke ko da ya ji sauƙi. A rage masa gishiri, dunƙulen miya da kanwa. Ku riƙa auna nauyinsa kowace safiya, idan ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ko ya kasa kwanciya sai a jingine, a kai shi asibiti a ranar.