Kada ki ƙwace masa wayar, Hajiya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na ga tambayarki cewa yaronki ɗan shekara 16 ya daina barci, ya daina zama cikin mutane, kullum kansa a sunkuye kan waya, kina neman shawara ko ki ƙwace ta ki huta. Ni na taɓa ƙwacewa, na kuma ga abin da ya biyo baya, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Mu Hausawan Wad Madani ne, a ƙasar Sudan. Kakana hanyar hajji ce ta kawo shi, ya tsaya noman auduga a yankinmu na Jazira, a nan aka binne shi. A watan Yulin 2022, lokacin da rikici ya ɓarke a Rusairis da Damazin aka kashe 'yan'uwanmu Hausawa da yawa, babban ɗana shekarunsa daidai da na naki. Yaron ya rame, abinci sai an yi da gaske. Wani dare na fito tsakar gida wajen ƙarfe biyu, na hango haske a ƙarƙashin mayafinsa. Na yaye. Bidiyon gawawwaki yake kallo a Facebook, in ya ƙare ya maimaita, a ƙasa kuma ga masu rubuta cewa mu baƙi ne, mu tattara mu koma Najeriya. Shi ma yana mayar musu da zagi, hannunsa har rawa yake. Raina ya ɓaci, na fizge wayar na kulle a akwati.

Mako uku tana kulle. Na ɗauka na yi maganin abin, ashe aron ta abokai yake yi a bakin shago, yana kallon abin da yake kallo da ma. Bambancin kawai, yanzu ban san me ke shiga ransa ba, kuma ya daina yi mini magana in ban da gaisuwa. Mahaifiyarsa ce ta ce da ni, ka raba shi da waya, amma hotunan suna nan cikin kansa, wa zai faɗa wa?

Na mayar masa da ita bisa sharaɗi guda: bayan sallar isha'i mu zauna, ya nuna mini abin da ya gani a ranar. Kwanakin farko ba daɗi. Wani abin ni kaina sai na kau da kai. Amma a wannan zaman ne na ba shi labarin yadda kakanninsa suka zo, da gonakin da suka share, da maƙwabtanmu Larabawa da muka yi shekaru muna cin abinci a faranti ɗaya. A wannan zaman ne kuma shi da kansa ya tsayar da wani bidiyo da ake ta yaɗawa, ya ce Baba duba lambar motar nan, wannan ba Sudan ba ce. Tun ranar bai ƙara tura abu ba sai ya bincika, har yakan tsawata wa manya a zauren dangi na WhatsApp, cikin ladabi dai.

Sai yaƙi ya zo a Afrilun 2023, ya iso mana Madani a watan Disamba, muka gudo Gadarif. Wallahi Hajiya wayar da na kulle a akwati ita ta riƙe mu. Yaron ne ke bin labarin wace hanya ce a buɗe, shi ke karɓar abin da ƙanena yake aiko mana daga Jidda ta manhajar banki ta Bankak, shi ya nemo mana ɗakin haya. Da layuka suka ɗauke a Fabrairun 2024, kuɗinmu na cikin waya amma ko garin dawa ba mu iya saye. Innarsa da ta rage a wani ƙauye a Jazira, sai da ta sami inda ake biyan kuɗi a hau Starlink, wato intanet ta tauraron ɗan'adam, sannan muka ji muryarta. Makarantu kuwa a rufe, wasu sun zama matsugunin 'yan gudun hijira. Da darussan YouTube da takardun da malamai ke sakawa a Telegram ya yi shiri, ya zauna jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare, a ƙarshen Disamban 2024.

Wani abu ma da ban zata ba, ƙanwarsa da Larabci ya cinye mata baki, yanzu Hausar Kano take zubawa saboda TikTok, kakarta har hawaye take yi don daɗi. Ita ma ina sa mata ido, musamman kan tura hotonta ga wanda ba ta sani ba, don an sha tozarta 'ya'yan mutane ta nan.

Saboda haka ki fara gano me yake kallo. Yaron da caca ta kama daban, wanda soyayya ta ɗauke wa hankali daban, wanda hotunan yaƙi suka hana barci daban, kuma a ƙasar nan tamu na ƙarshen sun fi yadda iyaye suke zato. Kada ki yi masa tambayar a gaban ƙannensa, kada kuma ki bincika wayar a ɓoye, in ya gane ya rufe miki ƙofa ke nan. Ki haɗa jabana, wato gahawa, ki kira shi, ki ce ya nuna miki abin da ya ba shi dariya yau. Daga na dariya ake kaiwa ga na kuka. In yana da baffa ko kawu da yake sakewa da shi, a sa shi ciki.

Maganar barci kuwa, a gidana ƙarfe 11 kowa yake kawo wayarsa ɗakina a sa caji, in akwai wuta, tawa ce ta farko a kan tabarma. Sati biyu aka yi ana ƙunƙuni, daga baya aka saba. Allah ya shirya mana su, ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi. Ki gwada zaman nan ko na sati ɗaya ne, ki dawo ki gaya mana abin da ya nuna miki.