Kwana Biyu a Abuja da Yara: Shin Tafiyar Ta Cancanta?

Malam, tambayarka ita ce ko ya dace ka kwashi iyali daga Jos zuwa Abuja na kwana biyu kacal domin yara su shiga wurin wasa, ko kuɗin zai tafi a banza. A ganina kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, muddin ka sa hanya cikin lissafi, domin bin Akwanga da Keffi yakan ci awa huɗu zuwa biyar, cunkoson Mararaba da Nyanya kuma yakan ƙara a kai.

Saboda haka ku huta ranar da kuka isa, washegari bayan la'asar ku nufi Magicland, wurin wasan yara da ke kusa da ƙofar shiga birni, tun da yaron da ya saba da sanyin Jos ba ya jure ranar Abuja. Ka tambayi farashi tun daga gida, domin a irin waɗannan wurare kuɗin ƙofa daban ne, na hawa kowane lilo ma daban. Kuskuren da na yi shi ne zuwa da babbar salla: mun shafe kusan awa guda a layi, autata tana barci a kafaɗata, takalminta ɗaya a aljihuna. Da safe kuwa Millennium Park, lambun shaƙatawa da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003, ya wadatar, a shimfiɗa tabarma a ci abincin gida.

Idan akwai yaro mai asma, farfaɗiya ko ciwon zuciya, ka ji shawarar likitansa kafin ya hau lilo mai gudu, mai juna biyu kuma ta haƙura da hawa.