Ɗana, kafin ka ba ejan kuɗin aikin jirgin ruwa

Ɗana, saƙonka ya same ni a wurin aiki, sai yau na sami zama. Ka ce ka ga hotunan da muka ɗauka a jirgin ruwa lokacin hutun yara, kuma wani ejan a Legas ya yi maka alkawarin aiki a irin wannan jirgi in ka biya shi kuɗin rajista da na biza. Har kai da mahaifiyarka kun fara maganar sayar da filin gado, tunda ya ce da zarar jirgi ya tsaya a Miami ta Amurka sai ka sauka ka nemi gidana. Wannan magana ta ƙarshe ce ta hana ni barci.

Hotunan gaskiya ne, ba zan rage wa tafiyar daɗinta ba. Shekara biyu muna tara kuɗi ni kawunka da matata. Kwana bakwai muka yi: daga Miami zuwa Cozumel ta ƙasar Meziko, sai Grand Cayman, sai Ocho Rios ta Jamaika, muka dawo. A Grand Cayman jirgin bai iya matsawa gaɓa ba, a cikin teku ya tsaya, ƙananan jirage suka riƙa kwasar mu. Ruwan wurin kuwa, kana ganin yashin ƙasa da kifayen da ke yawo a kansa kamar a cikin kwano. Na tsaya ina ta tasbihi. Ranar da za mu tashi mun ga katafaren jirgin nan Icon of the Seas a tasha, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2024: tsawonsa ya kai mita 365, hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ma'aikatansa sun haura 2,000. Namu bai kai shi ba, amma shi ma unguwa ce guda a kan ruwa.

Kuɗin da ake tallatawa ba shi ne kuɗin ba. Akwai harajin tashoshi, akwai intanet, akwai lemon kwalba, akwai kuɗin zagaya tsibiri. Akwai kuma tukuicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum kullum. Mu dala 18 aka yanka mana, mu huɗu, kwana bakwai, ka ga dala 504 ke nan. Ɗakinmu ma na ciki ne, ba taga, in ka kashe fitila ba ka sanin dare ko rana. Nama ban taɓa ba, kifi da shinkafa da ganye muka yi ta ci, domin ba mu sanar da su batun halal da wuri ba. Giya kuwa ko ina, gidan caca ma da an yi nisa da gaɓa ake buɗe shi. Salla sai ka kunna talabijin ɗin ɗaki ka ga inda jirgi ya sa gaba, sannan ka lissafa alƙibla, wadda daga wannan yanki take arewa maso gabas.

Sallar nan ce ta haɗa ni da mutumin da nake so ka ji labarinsa. Shi ke gyara mana ɗaki, ɗan Indonesiya ne daga tsibirin Java. Rana ta biyu ya ga darduma a kan gado, da muka haɗu a lungu sai ya yi mini sallama a hankali, hannu a ƙirji. Daga nan muka saba. Ya ce watansa bakwai a jirgin, ba Juma'a ba Lahadi, ba ranar hutu ko ɗaya, sai dai 'yan sa'o'i tsakanin aikin safe da na yamma. Ya ciro waya ya nuna mini 'yarsa da aka haifa bayan tahowarsa, har ta fara zama bai taɓa ɗaukar ta ba. Ɗakinsa yana can ƙasa, su biyu a gado mai hawa, a nan yake shimfiɗa tawul ya rama sallolinsa. Akwai wani dogon lungu a ƙasan jirgi da ma'aikata ke kira I-95, sunan babban titin da ya ratsa gabashin Amurka, nan suke tura kaya dare da rana, fasinja bai ma san da shi ba. Na tambaye shi ko ya taɓa shiga ruwan Cozumel. Ya yi murmushi ya ce in ya sami sa'a biyu ya sauka, kantin da ke da intanet yake nema ya kira gida.

Bai yi mini kuka ba, kuma ban ga abin raini a aikinsa ba. Da shi ya gina gida, da shi yake biya wa ƙannensa makaranta, tunda ci da kwana duk a kan kamfani suke. Sana'a ce ta halak ga mai juriya. Amma ka sani yawancin jiragen nan a Bahamas ko Panama aka yi musu rajista, don haka ba da ma'aunin albashin Amurka ake biya ba, ko da daga Miami suke tashi. Dokar ma'aikatan teku ta duniya ta 2006 ta ce a ba ma'aikaci hutun aƙalla sa'o'i 10 a cikin 24, da sa'o'i 77 a mako. Lissafa abin da ya rage, shi ne iyakar aikin da za a iya ɗora maka.

Wannan dokar ce kuma ta tona asirin ejan ɗinka. Ta hana a karɓi kuɗi a hannun ma'aikaci don a sama masa aikin jirgi. Abin da ke kanka shi ne fasfo, da takardar lafiya, da littafin ma'aikacin jirgi, wanda a Najeriya hukumar kula da harkokin jiragen ruwa, NIMASA, ke bayarwa. Kuɗin biza ma doka a kan mai jirgi ta ɗora shi. To kuɗin rajistar me yake nema? Manyan kamfanonin nan suna da shafin ɗaukar ma'aikata, suna kuma bayyana wakilan da suka amince da su. Duba ko sunansa na ciki. In babu, ka rabu da shi.

Batun sauka a Miami kuwa, don Allah ka cire shi daga ranka. Bizar ma'aikatan jirgi, C1/D, ba ta zama ba ce. Ba ta wuce kwana 29 a kowace shiga, kuma wanda ya shigo da ita ba ya cikin waɗanda ake sauya wa takarda zuwa ta zaman dindindin ta hanyar da aka saba, ko da ya yi aure a nan. Kowane ma'aikaci da kati yake fita da kati yake komawa, kafin jirgi ya ɗaga an san wanda bai dawo ba, kuma hukuma za a sanar. Daga ranar ka zama mai ɓuya. Ba za ka iya zuwa gida ka dawo ba, ko rashin lafiya ce ta kama mahaifiyarka. Na ga masu irin wannan zama a nan, na ga yadda suke firgita in an ƙwanƙwasa ƙofa. Ba zan buɗe maka gidana a kan wannan hanya ba, kuma ƙaunarka ce ta sa na faɗa tun yanzu. Ga shi tun 2025 Amurka ta ƙara tsaurara wa 'yan Najeriya sha'anin biza, duk wanda ya ce maka yana da ita a aljihu ƙarya yake yi.

In har aikin kansa kake so, diflomarka ta harkar otal jari ce. Nemi babban otal a Abuja ko Kano ka yi shekara biyu, a kicin ko a ɗakin cin abinci, ka goge Turancinka, domin ƙwarewa suke tambaya a ganawar ɗaukar aiki. Ka yi kwas ɗin STCW, wato horon ma'aikatan jirgin ruwa, a makarantar da NIMASA ta amince da ita, inda ake koyar da kashe gobara, da taimakon gaggawa, da yadda ake tsira a teku. Ka koyi iyo, na san ba ka iya ba. Ka kuma yi wa kanka tambaya tun da wuri ko za ka iya ɗaukar tiren giya, domin a ɗakin cin abinci ba za a ware maka ba. Kicin ko gyaran ɗakuna sun fi sauƙi ta wannan fuska. Kuɗin kwas ɗin ni zan biya in Allah ya kai mu.

Turo mini hoton takardar da ejan ɗin ya ba ka da sunan kamfanin da ya ce yana wakilta, zan kira su da kaina ranar Litinin. Kafin nan kada ka ba shi ko kwabo, kada ka ba shi fasfonka. Zan kira mahaifiyarka gobe bayan la'asar ɗinku a kan maganar filin. Ka gaishe ta, ka gaida ƙannenka.